Suna Linzami: Barin Sunan Tsohon Jirgi Ko Sauya Shi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore ruwa ya ɗauki katako, Ya hore raƙumi ya ɗauki kaya, Ya kuma sanar da Annabi Adamu (AS) sunayen abubuwa tun zuriyarsa ba ta san ciniki ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata mas'ala da masu jiragen ruwa suka daɗe suna jayayya a kanta. Mutum ne ya sayi jirgi a hannun wani, ya tarar da suna rubuce a jikinsa. Shin ya bar sunan, ko ya kankare ya sa nasa? A ido ƙaramar magana ce ta fenti da buroshi. Amma wanda ya bi ta a hankali zai tarar ta taɓa tauhidi, ta taɓa halaccin ciniki, ta kuma taɓa rayukan waɗanda za su hau.

Jiragen Dakoro

Mutumin Dakoro zai iya cewa babu ruwansa da wannan zance, tunda garinsu babu kogi. Dakoro tana arewa da Maraɗi, tafiyar sama da kilomita 100 ta hanyar Kornaka, a daidai inda ƙasar noma ke haɗuwa da ƙasar kiwo. Kwarin Tarka da ke yankin tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani. Komin da aka sani a can shi ne na shayar da dabbobi a bakin rijiya. Mai son ganin masunta cikin kwale-kwale a jihar Maraɗi sai ya gangara kudu zuwa tafkin Madarunfa, inda kaburburan waliyyai 99 suke, wurin da Nijar ta gabatar wa hukumar UNESCO a 2006 domin a sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Manyan jiragen fito kuwa sai an kai kogin Kwara, wajen Gaya ko Yawuri.

Sai dai Dakoro tana da nata jiragen na tudu. Larabawa suna kiran raƙumi jirgin sahara, kuma a kasuwar dabbobin Dakoro raƙuma da dawaki da shanu suna sauya hannu kowane mako, kowace dabba da shaidar gidan da ta fito a jikinta. Sannan ga motocin haya da na ɗaukar kaya da ke jigila tsakanin Dakoro da Maraɗi da kasuwannin ƙauye. Da wuya a sami wadda aka sayo sabuwa fil. Mafi yawansu na hannu ne, wasu sun ci zamaninsu a Turai kafin a sauke su a Kwatano, suka bi hannu biyu ko uku kafin su iso. Da yawa cikinsu suna ɗauke da rubutu a goshi ko a baya: wata addu'a, wata kirari, wata habaici, wata sunan shehin mai ita. A tasha da wannan rubutu ake kiran mota. Fasinja bai san lambarta ba, amma ya san “Haƙuri” ta tashi, “Sai Allah” ba ta iso ba tukuna.

Ga surar mas'alar. A ƙaddara wani ɗan'uwa ya tara kuɗin cin rani na shekaru, ya haɗa da 'yan bisashen da ya sayar, ya sayi tsohuwar mota, ko tsohon jirgin fito in a bakin ruwa yake zaune. An rubuta mata “Gagara Gasa”. Wasu a tasha suka ce kada ya kuskura ya taɓa sunan, da shi ta yi arziki, wanda ya goge shi ya goge sa'arta. Wasu suka ce ya gaggauta gogewa, domin da wannan suna ta taɓa kifewa kuma mutane ba su manta ba. 'Yan'uwansa na zawiya kuma suka ce ya rubuta sunan Shehu don neman albarka. Shawara uku ke nan, kuma kowace tana bukatar a ɗora ta a ma'auni.

Abin da aka gada daga Manzon Allah (SAW)

Sanya wa abin hawa suna ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Manzon Allah (SAW) yana da taguwa mai suna Ƙaswa'u da wata mai suna Adba'u, da alfadara mai suna Duldul, da jaki mai suna Ufairu. Daga hannun wasu suka zo masa, ta hanyar saye ko kyauta ko ganima. Duldul, alal misali, kyauta ce daga Muƙauƙis mai mulkin Masar.

Ibnu Sa'ad ya kawo a cikin Ɗabaƙat cewa dokin farko da Annabi (SAW) ya mallaka, a Madina ya saye shi daga wani mutumin ƙabilar Fazara. A hannun mai shi na farko sunansa Daris, wato mai wuyar sha'ani. Annabi (SAW) ya mayar da shi Sakbu, wato mai gudu kamar kwararar ruwa, kuma da shi ya halarci Uhudu. Wannan hujja ce ga mai son sauyawa.

Mai son bari shi ma yana da tasa. Takobin nan Zulfiƙari a ranar Badar ya zo hannun Annabi (SAW), shekara ta 2 bayan Hijira, kuma malaman tarihi sun ce na wani mushriki ne cikin Ƙuraishawa da aka kashe ranar. Ba a guje shi don mai shi na farko ya halaka ba. Sunansa siffar jikinsa ce, saboda gaɓoɓin da ke bayansa masu kama da ƙashin baya, kuma da shi aka ci gaba da kiransa har ya shahara a hannun Sayyidina Aliyu (RA). Haka nan sunayen watanni: tun kafin Musulunci Larabawa ke kiran Safar da Rajab da Ramadan, kuma an bar su. Safar ma wata ne da suke camfawa. A fassarar wasu malamai, camfin ne hadisi ya zo ya rushe, sunan kuwa yana nan har gobe.

A sunayen mutane ma haka aka yi. Umar da Usman da Hamza da Khalid sun shiga Musulunci da sunayensu, ba wanda ya taɓa su. Amma 'yar Sayyidina Umar mai suna Asiya, da harafin sadi, wato mai saɓo, an mayar da ita Jamila. Abdurrahman ɗan Aufu (RA) da can sunansa yana nuna bauta ga wanin Allah, aka gyara masa. Abin mamaki, har suna mai daɗi an sauya: Barratu, wato mai biyayya da nagarta, an mayar da ita Zainab, saboda sunan yana ɗauke da yabon kai, alhali Allah ne Ya san masu nagarta.

Daga nan ƙa'ida ta fito. Asali bari da sauyawa duk halal ne, kuma ma'anar sunan ake dubawa. In mummuna ce, ko tana ɗauke da shirka, ko da alfahari, sauyawa ta fi. In kyakkyawa ce ko siffa ce ta gaskiya, babu laifi a bari, ko da wane irin mutum ne ya raɗa shi. A wannan ma'auni “Gagara Gasa” ta faɗa cikin alfahari. Bukhari ya ruwaito cewa taguwa Adba'u ba a taɓa tsere mata ba, sai wata rana wani baƙauye a kan matashin raƙumi ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai nauyi, Annabi (SAW) ya fahimtar da su cewa sunnar Allah ce duk abin duniya da ya ɗaukaka sai Ya saukar da shi. Idan taguwar Fiyayyen halitta an wuce ta, tsohuwar motar Kwatano ba ta da bakin cewa ta gagara.

Tsoron goge suna

Shawarar farko, ta masu cewa sa'ar mota tana cikin sunanta, ba a tashar Dakoro ta fara ba. Matuƙan jiragen ruwa na Ingila da Faransa sun daɗe suna camfa cewa sauya wa jirgi suna yana jawo masifa, har wasunsu kan yi biki su zuba giya cikin teku don lallashin abin da suke tsoro. A bakin kogunan wannan yanki ma an san masu yi wa iskokin ruwa yanka. Al'adun sun bambanta, amma tushensu guda: jingina amfani da cuta ga wanin Allah.

Shehu Sanusi, a cikin Ummul Barahin da sharhinsa, littafin da almajirai ke karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya yi bayanin cewa babu wani sababi mai tasiri da ikon kansa. Wuta ba ta ƙonawa da ikonta. Allah ne ke halittar ƙuna a lokacin da ta haɗu da abu, bisa al'adar da Ya gudanar. To idan wannan ne matsayin wuta, wadda kowa ya ga aikinta, ina ga haruffan fenti, waɗanda ko a al'ada ba a taɓa ganin sun riƙe birki ko sun toshe yoyo ba?

Hadisai ingantattu sun hana camfi, sun kuma nuna Annabi (SAW) yana son kyakkyawan fata daga kalma mai daɗi. A Hudaibiyya, shekara ta 6, da Ƙuraishawa suka turo Suhailu ɗan Amru don sulhu, ya yi wa sahabbai bushara da sauƙi daga ma'anar sunansa. Bambancin shi ne, kyakkyawan fata yana ƙara wa mai tafiya kyautata zato ga Ubangijinsa, camfi kuwa yana tsayar da shi ko ya tunkuɗa shi saboda tsoron abin da ba ya amfani ba ya cutarwa. Don haka wanda ya bar suna don yana da kyau kuma abokan hulɗa sun saba da shi, ya yi daidai. Wanda ya bar shi don tsoron kada motar ta kife in an goge, zuciyarsa ce ke bukatar gyara kafin motar. Haka kuma wanda ya goge don yana ganin sunan ne ke ɗauke da mugun baki, cutarsu ɗaya da na farkon.

Mai lura zai iya kawo tambaya mai ƙarfi a nan. Bukhari ya ruwaito daga Sa'idu ɗan Musayyib cewa kakansa, mai suna Haznu, wato ƙasa mai tsauri, Annabi (SAW) ya so mayar da shi Sahlu, ya ce shi ba zai sauya sunan da mahaifinsa ya sa masa ba. Sa'idu ya ce tun daga nan tsauri bai rabu da gidansu ba. Ashe wannan bai nuna suna yana aiki ba? Amsa ita ce yana aiki, amma a kan mai ji. Hausawa sun ce suna linzami, kuma linzami a bakin mai rai ake sa shi. Yaron da aka kira da tsauri safe da yamma yana iya tashi da shi, da izinin Allah, balle an mayar da kyautar Annabi (SAW). Katako da ƙarfe ba sa ji. Direba ne ke ji. Wanda kullum ake yi masa kirari da “Gagara Gasa” a tasha, ranar da wata mota ta zo wuce shi a hanyar Kornaka, ƙafarsa za ta so kare sunan. Ta nan ne suna ke iya kifar da mota, kuma wannan dalili ne na hankali da shari'a ta yarda da shi.

Tekun Maliya ya bar wa Musulmi darasi a kan haka. Wani jirgin fasinja da aka ƙera a Italiya a 1970 da sunan Boccaccio, aka ƙara masa benaye a 1991, wani kamfanin Masar ya saye shi a 1999. An bar masa tsohon sunansa, aka kuma ƙara masa sabo mai albarka a gaba: Al-Salam Boccaccio 98. A farkon Fabrairun 2006 ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar da mutum kusan 1,400, galibi ma'aikata masu komawa gida, da wasu alhazai. Wuta ta tashi a inda ake ajiye motoci, ruwan da aka yi ta fesawa ya taru bai sami mafita ba, jirgin ya karkata ya nutse. Sama da mutum 1,000 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Tsohon suna yana jikinsa, sabon ma yana jikinsa, kuma babu wanda ya fitar da ruwan.

Ɓuya a bayan sabon fenti

Shawara ta biyu, ta masu cewa a goge don mutane su manta da haɗarin, tana bukatar tambaya guda kafin hukunci: me ya kifar da motar, kuma an gyara shi? Idan birki ne ya tsinke kuma an sauya shi, idan katakon gindin jirgi ne ya ruɓe kuma an cire an sa lafiyayye, sabon suna bai yi wa kowa ƙarya ba. Ba a ɗora wa mutum yawo da tabon da wani ya bari ba, kuma neman kasuwa halal ne. Amma idan aibin yana nan, kuɗin gyara ne aka kai wa mai fenti, to wannan algus ne ko da me aka rubuta.

Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi. Mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya tambaye shi dalilin da bai sa jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba, sannan ya barranta daga mai algus. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin fiƙihun Malikiyya ya sani, ta jera ɓoye aibi cikin abubuwan da ba sa halatta a ciniki, ta kuma bai wa mai saye zaɓin mayar da kaya in ya gano aibin daga baya.

Fasinja shi ma mai saye ne, sai dai shi in aibin ya bayyana a tsakiyar hanya ko tsakiyar kogi, babu sauran zaɓin mayarwa. Tsohuwar da za ta kasuwar Kornaka da 'yan kajinta ba ta iya duba birki. Abin da take da shi kawai, an ce mata kada ta hau “Gagara Gasa”. Tsohon sunan shi ne gargaɗin da talaka ya mallaka. Wanda ya shafe shi bai gyara komai ba, ya raba ta da wannan gargaɗi, ta hau tana yi masa addu'a.

Mutanen kasuwar dabbobi sun fi kowa fahimtar wannan. Mai saye yana da ikon kiran raƙuminsa da sunan da ya ga dama, amma wanda ya jirkita shaidar da ke jikinsa don kada a gane gidan da aka sato shi, kowa ya san abin da ake kiransa. Don haka ake son dillali wanda ya san asalin dabba. A manyan tekuna ma an kai ga wannan. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da tsari a 1987, ya zama tilas a 1996, na bai wa manyan jirage lamba mai alƙaluma 7 wadda ba ta sauyawa ko an sauya suna, ko tuta, ko mai shi. Shari'a ta riga su. Zaidu ɗan Harisa (RA) an daɗe ana kiransa ɗan Muhammadu, suna mafi daraja da mutum zai samu, amma aya ta 5 ta Suratul Ahzab ta sauka da umarnin a jingina kowa ga mahaifinsa. Inda haƙƙoƙi suka rataya a kan asali, kyawun suna ba ya halatta shafe asalin.

Sunan Shehu a goshin mota

Shawara ta uku ta fito daga zukata masu ƙauna, kuma neman albarka da ambaton bayin Allah abu ne da 'yan'uwa suka gada. Sai dai ita ce mafi nauyi cikin ukun. Wanda ya rubuta sunan Shehu a goshin motarsa ya tsayar da Shehu a matsayin mai shaida a kan lodinsa da farashinsa da bakinsa. Mutane za su hau da natsuwa saboda sunan. In aka yi lodi fiye da kima, in aka zagi fasinja, in aka danne canji, in aka wuce lokacin salla a hanya ba uzuri, ba direba kaɗai za a zaga ba. Wanda ya lulluɓe ruɓaɓɓen katako da sunan waliyyi ya haɗa laifi biyu: algus ga mutane da rashin ladabi ga mai sunan.

Akwai kuma ladabin rubutun kansa. Sunan Allah ko aya ba a sa su inda taɓo ke fallatsa, ko inda ake takawa, ko inda ake ɗaure awaki. Wanda ya sayi mota ya tarar da su a irin wannan wuri, ya ɗauke su da girmamawa. An ruwaito cewa farkon tuban Bishrul Hafi, wanda ya rasu a Bagadaza a shekara ta 227 bayan Hijira, shi ne ya tsinci takarda mai sunan Allah a kan hanya ana takawa, ya ɗauka, ya sayi turare da ɗan kuɗin da ke hannunsa ya shafa mata, ya ajiye ta a wuri mai tsarki. Aka yi masa bushara a mafarki cewa za a ƙamsasa sunansa kamar yadda ya ƙamsasa sunan Ubangijinsa. Har yau ana ambatonsa, kuma da laƙabinsa na mai tafiya ba takalmi.

Alƙur'ani bai ambaci wani suna ga jirgin Annabi Nuhu (AS) ba. A Suratul Ƙamar an siffanta shi da katakai da ƙusoshi. A Suratu Hud an nuna shi yana sassaƙa bisa wahayi mutanensa na yi masa izgili, sai da aikin ya kammala sannan ya umarci muminai su hau da sunan Allah. Jerin ke nan: a yi aiki, sannan a ambaci Suna. Shi ne kuma abin da Tirmizi ya ruwaito game da mai taguwar da aka umarta ya ɗaure ta sannan ya dogara.

Jirgin da ake kira muridi

Kowane muridi jirgi ne da aka saya a hannu. Kafin ya zo zawiya son zuciya ya yi lodi da shi, duniya ta yi fito da shi, Shaiɗan ya rubuta abin da ya rubuta. Aya ta 111 ta Suratut Tauba ta ba da labarin cewa Allah Ya sayi rayukan muminai da dukiyoyinsu, kuma Mai sayen nan babu aibin da ya ɓoyu gare Shi.

Ranar da mutum ya karɓi wuridi yana samun sabon suna, daga baya ma wataƙila a ce masa Sayyadi ko Muƙaddami. Haɗarin shi ne ya ɗauka fentin ya isa. Tsarin lazimi kansa ya nuna hanya: istigfari ne farko, sannan salati, sannan hailala. Ana kankare tsatsa, a toshe yoyo, kafin a kai ga ado. Wanda ya bar bashin mutane a wuyansa, ko gonar marayu a hannunsa, ko mahaifiyarsa tana kuka da shi, ya rataya carbi yana amsa sabon suna, shi ne mai motar da ya kai wa mai fenti kuɗin birki. Fudailu ɗan Iyad, wanda ya rasu a Makka a shekara ta 187, ɗan fashi ne a farkonsa, kuma an ruwaito cewa da ya tuba sai da ya bi waɗanda ya zalunta yana neman yafewarsu.

Wannan ba ya nufin mai tuba ya yi ta tallar zunubansa. Abin da ya wuce tsakaninsa da Allah, kuma ba ya cutar da kowa yanzu, sitirta shi ake so. Abin da ba ya halatta shi ne rufe aibin da ke raye, wanda wani zai dogara a kansa ya faɗi. Iyakar da ke tsakanin sutura da algus ke nan, a mota da a mutum.

Masu hikimar Yunan sun yi jayayya a kan wani tsohon jirgi da mutanen birnin Atina suka adana, suna cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo har babu na farko ko ɗaya: shin jirgin nan ne, ko wani? Mai suluki ya san amsar a jikinsa. Shi ne dai, littafin ayyukansa guda ne kamar lambar jirgin da ba ta sauyawa, amma aya ta 70 ta Suratul Furƙan ta yi wa mai tuba na gaskiya alkawarin musanya munanan ayyukansa da kyawawa. Ana yin haka katako bayan katako, ba a yini ɗaya ba. In kuma wani tabo ya rage wanda mutane ke gani, kada ya ɗaga hankali. Jirgin miskinan da ke Suratul Kahfi, aibin da ake gani ne ya tserar da shi daga sarkin da ke ƙwace kowane lafiyayyen jirgi, kuma jiji da kai sarki ne mai irin wannan ƙwace.

Mafi kyawun suna shi ne wanda ya biyo bayan aiki. Khalid ɗan Walid (RA) bai raɗa wa kansa Takobin Allah ba. Annabi (SAW) ne ya kira shi da shi a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8. A tasha ma haka take. Ko me aka rubuta wa mota, in ta saba kwana a hanya 'yan kamasho za su sa mata “Sai Gobe”, kuma nasu ne zai bi ta.

Saboda haka ɗan'uwan da ya sayi tsohuwar mota ko tsohon jirgi, ya fara da makaniki ko masassaƙi, ya tambayi tarihinta, ya gyara abin da ya lalace, ya faɗa wa mai tambaya gaskiya. Bayan nan ya dubi sunan. In kyakkyawa ne ya bar shi ba don tsoro ba, in na alfahari ne ya sauya shi ba don ɓuya ba. In ya zaɓi sunan Shehu, ya sani ya ɗauki alkawari, kuma kyan alkawari cikawa.

Allah Ya tsare matafiya na tudu da na ruwa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, Ya sa albarka a sana'ar masu neman halal, Ya daidaita zahirin 'yan'uwa da baɗininsu, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Allah ne Mafi sani.